Dutsen da Ya Rage a Aljihuna

Bango ɗaya ne ya raba gidanmu da nata a unguwar Barking ta Landan, irin gidajen nan da aka jera manne da juna, waɗanda in maƙwabcinka ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Tsohuwa ce Bayahudiya, 'yar ƙarama, mai farin gashi da murya irin ta masu talla a kasuwa. Ba sharri na yi mata ba, a Whitechapel aka haife ta, kuma a kasuwar can ubanta ya yi sana'ar sayar da yadi har ya mutu. Ranar da muka tare, tun ba mu gama sauke kaya ba ta leƙo ta kan shinge ta sanar da ni cewa ba a nan ake ajiye kwandon shara ba. Na ce a raina, to, Allah ya haɗa ni da aiki.

Da muka saba ta ce in riƙa kiran ta da sunanta, kamar yadda suke yi a nan. Bakina ya ƙi. Ta girmi mahaifiyata, ina ni ina kama sunanta gatsal? Sai na sa mata Goggo. Ta tambaye ni ma'anarsa, na ce 'yar'uwar uba ke nan. Sai ta ce ita ba ta taɓa samun wadda za ta kira haka ba. Ubanta shi kaɗai ya tsallako Landan yana saurayi, kafin yaƙin duniya na biyu. Ya baro uwarsa da ƙannensa mata biyu da ƙaninsa a Poland, da niyyar in ya tara abin jirgi ya aika su zo. Bai samu ya aika ba. Duk su huɗun an hallaka su tare da sauran Yahudawan garinsu, kuma babu wanda ya san inda ƙasa ta rufe su.

Abin da ya ɗaure mu da gaske rasuwar mahaifiyata ce. A Kano ta rasu da asuba, kafin la'asar an kai ta makwancinta, ni kuwa ina nan riƙe da waya. Matan Hausawan da muke zumunci da su suka cika gidan, muka ture kujeru gefe, muka shimfiɗa tabarmi a falo. Sai ga Goggo ta ƙwanƙwasa da faranti a hannu. Ta gan mu a ƙasa, ta cire takalmi, ta dafa bango ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Na ce a kawo mata kujera, ta harare ni. Ta ce su ma a ƙasa suke zaman makoki, kwana bakwai cur, kada in koya mata abin da ta sani tun ba a haife ni ba.

Tana zaune tana jin duk wadda ta shigo tana ce mini, "Ya haƙuri?" ni kuma ina cewa, "Da godiya." Da aka ɗan watse ta jawo hannuna ta ce mene ne wannan da ake ta maimaitawa. Na yi mata bayani da Turanci iya yadda zan iya: ana tambayar wanda aka yi wa rashi yadda yake ji da jurewa, shi kuma ya ce yana godiya, ko da zuciyarsa na tafasa. Ta jinjina kai, ta gwada faɗa sau biyu. Amsar ta zauna mata a baki. Tambayar ce ta gagare ta, ta ce harshenta ya tsufa da koyon sababbin wasanni.

A ƙarshen watan Janairun da ya biyo baya ta ce in raka ta wani wuri. Akwai ɗan lambu a bayan ɗakin karatu na unguwa, da shingen ƙarfe kewaye da shi, a tsakiyarsa kuma wani faffaɗan dutse a kan ciyawa. Kowace shekara wani ɗan kwamiti na 'yan sa kai yakan shirya taron tunawa da Yahudawan da aka kashe a Turai, a haɗa da sauran al'ummomin da aka yi wa kisan ƙare dangi bayansu. Malamin Yahudawa ya kunna kyandir, faston cocin unguwa ya kunna, wata mata 'yar Ruwanda ta kunna, limamin masallacinmu ma ya kunna saboda Musulmin Bosniya. Daga nan Yahudawan su je ɗaya bayan ɗaya su ɗora ƙananan duwatsu a kan babban dutsen. Su ba fure suke kai wa mamaci ba, dutse suke ajiyewa, alamar an zo kuma ba a manta ba. Goggo huɗu take kawowa a aljihun kwat ɗinta, na kakarta, na goggonninta biyu, da na baffanta. A ƙarshe sai a yi shiru na minti ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Shirun nan na Turawa bai taɓa shiga jikina ba. A ce mutum yana tsaye kusa da kai da mutuwa a ransa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana kallon takalminka? A wurinmu ai gaisuwa ake yi. Saboda haka ana gama shirun na sunkuya kunnenta na ce, "Goggo, ya haƙuri?" Ta ɗago ta dube ni, idanunta jawur, ta ce, "Da godiya." Tun daga nan ya zama namu, kowace shekara.

Da ƙafafunta suka gaza ta koma keken guragu, ni ke tura ta. Ƙafar keken nutsewa take yi a ciyawa in an yi ruwa, kuma a Janairun ƙasar nan yaushe ne ba a ruwa? Sai ta riƙa tsayawa a bakin hanya, ta zuba mini duwatsun a tafin hannu, in je in jera mata su tana kallo. Matan masallaci sun tsokane ni har sun gaji. Wata ta ce na zama 'yar aiken Yahudawa. Na ce ƙwarai, aike ne, kuma da uwarki ce a keken nan za ki so a samu mai kai mata. 

Sai yaƙin Gaza ya zo.

Aikina karanta labarai ne da Hausa a wani gidan rediyo a Marylebone. Ranar da aka kashe mutane a Isra'ila, na dawo na tarar da Goggo a gaban talabijin ta kasa ɗauke ido, domin tana da dangi na nesa a can. Na zauna da ita, na dafa mata shayi, na yi mata gaisuwa kamar yadda ake yi. Bayan nan kuwa kullum na shiga ɗakin watsa labarai gawawwakin Gaza nake karantawa, yau yara, gobe asibiti, jibi masu layin karɓar abinci. In fito in shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in zauna ina kallon mutane suna danna waya. Na jira Goggo ta leƙo ta kan shinge ta ce mini wani abu, ko sannu ce. Ba ta ce ba. Muka koma hirar sanyi da tsadar wuta da ƙarar da sabon maƙwabci yake yi da mota. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

A masallacinmu akwai wata Bafalasɗiniya mai aiki a kantin magani, mace mai fara'a, wadda muka daɗe muna sahu ɗaya ranar Juma'a. Ita ta koya mini dafa shinkafa da ganyen inabi, ni na koya mata yajin ƙuli har ta fi ni son sa. Gini ya rufta wa yayarta da 'ya'yanta a Gaza, ba a ma samu an tono su duka ba. Na je mata ta'aziyya. Ta ba ni gahawa mai ɗaci, ta riƙe hannuna, ta ce abin da ya fi ƙona ta shi ne babu kabarin da za ta ce ga su nan. Na taɓa jin wannan maganar, kusan kalma da kalma, a gidan da ke manne da nawa.

Da Janairu ya matso, liman ya roƙi kwamitin lambu a ƙara kyandir ɗaya saboda mutanen Gaza, ko a ambace su da baki. Yahudawan kwamitin suka ce a'a. Suka ce ranar ba ta wannan ba ce, kuma ana so a ɗauki ranar makokinsu a mayar da ita sandar dukansu. Liman ya ce shi kuma ba zai iya tsayawa ya kunna wuta saboda matattun jiya ba alhali an hana shi ambaton na yau. Ya janye. Mutanen da suka shekara suna shan shayi tare bayan taro suka koma aika wa juna saƙo ta bakin fasto.

Ranar Juma'a bayan salla aka sanar a ɓangaren mata cewa ba mai shiga lambun bana, za a tsaya a wajen shinge ne, shiru, ba ihu ba zagi. Matar wani likita ta juyo ta dube ni.

"Hajiya, kin dai ji an yi cancel ɗin zuwan liman. Ke fa? Bana ma za ki tura keken?"

Na ce, "In ban tura ba wa zai tura? Ɗanta yana can arewacin gari, sai ya ga dama yake zuwa."

"Ta yi booking ɗin taxi mana. Ke ba ki da zuciya ne? Ba ke ke karanta mana labaran nan ba?"

Na ce, "Taxi zai taka ciyawa ya ajiye mata duwatsu? Mutanen nan huɗu da aka kashe tun kafin a haifi iyayenmu, su suka jefa bam a Gaza?"

Ta ce ba ta ce ba, amma akwai lokacin da ya kamata mutum ya san inda yake tsaye. Bafalasɗiniyar na zaune a gefe tana jan carbi, ba ta ɗago ba. Na fito raina a ɓace, kuma abin haushin shi ne ban iya cewa matar likitan ƙarya take yi ba.

Da safen ranar taron na fita bayan gida na tsinci ɗan dutse a gindin shinge, na wanke shi, na sa a aljihun kwat. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara a ciki ba. Mu a wurinmu in ka je gaisuwar mutuwa ba ka tsayawa a kan mamaci ɗaya. Ka yi wa wanda ya rasu addu'a, sannan ka ce da iyayenmu, da kakanninmu, da duk waɗanda suka riga mu. Ban taɓa ganin mai makokin da ya ji haushi don an haɗa nasa da na wasu ba, sai ma ya ce amin da ƙarfi. Da wannan tunanin na tashi, da shi na girma. Na ɗauka in manya sun kasa daidaitawa a kan kyandir, ɗan dutse ɗaya a gefe ba zai tsone wa kowa ido ba.

Ana yayyafi muka isa. 'Yan sanda biyu a bakin ƙofa, abin da ba a taɓa yi ba. A jikin shingen kuma mutanenmu ne a jere, fuskokin da na sani duka, wasu rungume da farin ƙyalle da aka naɗe kamar likkafanin jariri. Goggo ta ƙanƙame hannun keken, ta miƙe wuya tana kallon gaba. Dole ta gabansu za mu wuce. Bafalasɗiniyar ce ta ƙarshe a layin, dab da ƙofa, da nata ƙyallen a ƙirji. Na rage tafiya na yi mata sallama. Ta dubi hijabina, ta dubi keken, ta amsa sallamar ciki-ciki, sannan ta ce, "Har da ke, 'yar'uwa?" Na tura keken muka shige.

A ciki ma ba a bar ni na huta ba. Wani mutum da ban taɓa gani ba, da takarda a hannu, ya tare mu yana tambayar Goggo ko ni mai kula da ita ce, kuma ko an san da zuwana. Goggo ta ɗaga muryar nan tata ta kasuwa ta ce, "'Yata ce. Ta fi ka daɗewa tana zuwa nan. Matsa." Ya matsa. Na ji daɗi har cikin raina, kuma wannan ne ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Aka kunna kyandirori. Na Bosniya fasto ne ya kunna, tunda babu liman. Da aka zo kan duwatsu Goggo ta zuba mini nata a hannu, na taka ciyawa, na jera su huɗu a inda na saba. Sannan na zaro nawa na ajiye a ɗan nesa da su, can gefe, na dawo.

Idon Goggo ya raunana, amma ba a kan wannan ba.

"Huɗu na ba ki," in ji ta.

Na ce, "E, Goggo."

"Wancan na wane ne?"

Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata a hankali: na yayar matar nan ce da ke bakin ƙofa, da 'ya'yanta, su ma ba su da kabari. Na fara yi mata bayanin yadda muke haɗa mamata a addu'a. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Je ki ɗauke."

"Goggo, ai bai rage wa naki komai ba."

"Ba yau ba," ta ce, leɓɓanta na rawa. "Shekara guda cur, rana ɗaya tak nake da ita. Ubana ya mutu bai san inda uwarsa take ba. Rana ɗaya na roƙa a bar mini su su kaɗai, kada a ce da wane da wane, kada a ce amma. Kowa na faɗin amma. Ban zaci har da ke ba."

Sau biyu ke nan a safiya ɗaya aka ce mini har da ni. Na tashi, na sake taka ciyawar a gaban jama'a, na ɗauke dutsena na mayar aljihu. Ta cikin shinge na hango Bafalasɗiniyar tana kallo. Ba ta san na wane ne ba, ba ta kuma taɓa sani ba.

Aka yi shirun minti ɗaya. Da aka gama na sunkuya, don bakina ya riga ya saba, na ce, "Goggo, ya haƙuri?" Ta ci gaba da kallon duwatsunta. Na jira. Ba ta amsa ba. Na tura ta gida cikin yayyafi, na shigar da ita, na kunna mata hita, na ja mata ƙofa.

Ba mu yi faɗa ba, da ma mun yi. Na ci gaba da fitar mata da kwandon shara, ita kuma tana karɓar mini saƙo in ba na nan. Mu gaisa ta kan shinge, sannu sannu, kowa ya shige. Na yi fushi da ita sosai. Na ce a raina, matar da ta durƙusa a tabarmata saboda uwata, yau ita ce ba ta da wurin ɗan dutse ɗaya saboda yara? Wata rana kuma in tuna yadda leɓɓanta suke rawa, sai fushin ya sake ni, baƙin ciki ya maye gurbinsa. A masallaci Bafalasɗiniyar ta canza sahu. Na yi niyyar in same ta in faɗa mata, amma me zan ce? Na ajiye wa yayarki dutse na kuma ɗauke? Kafin bazara ta ƙare ta koma wani gari wurin ɗan'uwan mijinta.

Da sanyi ya fara dawowa Goggo ta faɗi a banɗaki. Aka kwantar da ita a asibiti a Whitechapel, unguwar da aka haife ta. Ɗanta ne ya ƙwanƙwasa mini ya faɗa, ya ce tana tambayata. Na tashi daga aiki da rana na wuce can, sanye da kwat ɗin nan da ban taɓa ba tun Janairu. Sai da na sa hannu a aljihu a cikin jirgi na ji dutsen.

Ta ƙara ƙanƙancewa a gadon, muryar kasuwa ta tafi. Ta yi mini ƙorafin abincin asibiti, ta ce shayinsu kamar ruwan wanke kwano. Na yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Sai ta kama gefen kwat ɗina da na rataye a jikin kujera, ta shafa aljihun.

"Yana nan?"

Na zaro shi na sa mata a hannu. Ta juya shi, ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe tana kallo. Zuciyata ta ce yanzu za ta ce in kai shi lambu, in ajiye kusa da nata. Ba ta ce ba. Ta tambaye ni yaran su nawa ne, babban shekarunsa nawa, ko matar tana nan. Na faɗa mata. Ta mayar mini da dutsen a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kansa da hannayenta biyu masu sanyi. Sannan ta tattaro numfashi, ta dube ni, ta faɗi abin da harshenta ya ƙi ɗauka duk shekarun nan, a karkace, amma na ji shi sarai.

"Ya haƙuri?"

Na buɗe baki in ba ta amsar da na koya mata, amsar da na ba ɗaruruwan mutane a ranar mutuwar uwata ba tare da muryata ta karye ba. Ta ƙi fita. Na kifa kaina a gefen gadon na yi kukan da ban yi ba tun farkon yaƙin, ita kuma tana bubbuga mini baya tana cewa in yi a hankali kada nas ta kore mu.

Ba ta fito daga asibitin ba. Ɗanta ya yi zaman makokin a gidanta, tunda can mutanen unguwa suka san ta. Na shiga na tarar an rufe madubi da zane kamar yadda suke yi a makoki, shi kuma yana zaune a wata 'yar guntuwar kujera dab da ƙasa, mutum mai furfura, da idanun uwarsa. Na cire takalmi. Dutsen na aljihuna, yana nan har yau, ban san inda zan kai shi ba. Na durƙusa a gabansa, kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce, "Ya haƙuri?"

Ya ɗago cikin ladabi, ya ɗan matso da kunnensa, ya ce in yi masa afuwa, bai gane abin da na ce ba.